Ragon da ya ɗauki ƙibata

Shekarar da aka watse daga Mubi, da ƙafa na fita. Ta Maiha muka bi har Belel, muka tsallaka iyaka. Ba zan faɗi abin da na gani a hanya ba. Abin da na ci zan faɗa: ɗanyar dawa daga gonakin mutane, da gyaɗar da muka tona da hannu. Wata rana ko wannan babu. Zanina sau biyu yake zagaye ni.

Da muka dawo, na kafa tukunya a bakin tasha. Shinkafa da wake da safe, tuwo da miyar yakuwa da rana. Ranar da na hura wutar farko na yi wa kaina alkawari: ba za a zubar da abinci a gabana ba, ko loma ɗaya.

Hannuna kuma bai san kaɗan ba. Kullum sai ya rage. Mai kyau in ba maƙwabta da masu gadin tasha. Ƙanzo da guntun ƙasan kula kuwa, wa zai karɓa? Ni ke cinye su. Bayan isha'i in jawo tukunya, in zuba mai, in gama da ita, in kwanta. Shekara da shekaru haka.

Jiki ya zo. Mutane suka yi ta yabo. Direbobi, da ke kirana Adda, wato yaya, su ce, "Adda, kin zama hajiya tun ba ki hau jirgi ba!" Ina jin daɗi. Duk wanda ya gan ni ya san ba a kashe ni ba.

Dada, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can bayan Betso, a kan dutse. Mashin ba ya wuce bakin mayo, wato rafin da ke gindin dutsen. Daga nan sai ƙafa. A da ita ke saukowa ta gan ni, har idonta ya mutu. Farkon wata damina ƙanena ya zo tasha ya ce, "Adda, Dada ta daina fita. Sunanki take kira."

Washegari muka tafi. Na tsallake mayo, na fara hawa. A tsakiyar hanya akwai wani faffaɗan dutse da mata ke shanya gari a kai. Ina yarinya da tulu a ka nake wuce shi, ko kallonsa ba na yi. Ranar nan a kansa na zube. Gwiwa ta ƙi, ƙirji kamar ana daka a ciki. Na tashi, na sake zama. Ina hango rufin ɗakin Dada.

Ƙanena ya ce, "Ko in kira maza mu ɗauke ki a kan gado?"

Na ce, "Gawa ake ɗauka a gado."

Na juya. Ni da na taka har Belel ba ci ba sha. Bayan kwana kaɗan saƙo ya iso daga sama: "Ku ce mata ina nan har a yanke dawa. Bayan nan ban sani ba."

Akwai wata nas 'yar Michika da ke cin abinci a wurina in ta tashi daga aiki. Ita kaɗai na gaya wa. Ta gwada jinina, ta dubi ƙafafuna, ta ce, "Adda, yaushe kike cin abinci?"

"Ni? Ina na ga lokaci? Sau ɗaya, da dare."

"To wannan jikin, iska ce ta hura shi?"

Ranar hutunta ta zo ta zauna a benci tun safe tana kallona. Da la'asar ta fara lissafa mini. Kunun gyaɗa da direbobi. Ɗanɗanon miya, ludayi guda. Ƙosan da maƙwabciyata ta miƙo. Shayi da sukari kamar za a yi alewa. Naman da ya faɗo gefen tukunya. Ta ce, "Bakinki bai huta ba tun da na zauna. A tsaye kike ci, shi ya sa ba ki ganinsa."

Na ce, "Sista, kin zo cin abinci ne ko gadi?"

Ta yi dariya. Ta ce in riƙa ci a zaune, a kwano. Da safe, da kuma tsakanin azahar da la'asar. Miya da ganye su fi tuwo yawa. In an kira magariba, baki ya rufe, sai ruwa. In riƙa zuwa tasha da ƙafa. Ba ta ba ni magani ba.

Na sayi ƙaramin kwanon sha, na daina cin komai sai a cikinsa. Ɗanɗano ya koma kan yatsa. Shayi na sha shi da ɗacinsa. Duk wannan bai ba ni wuya ba.

Magariba ce ta ba ni wuya. Da rana ta faɗi cikina ya yi ƙara, sai hanyar Belel ta dawo mini. Ga tukunya a gefe da ƙanzo a ciki. In zubar, ba zan iya ba. In bar shi ya lalace, ba zan iya ba. Sai in ci. Damina ta yi nisa ina nan yadda nake.

Wata ranar kasuwar dabbobi wani Bafulatani daga wajen Sorau ya zo cin tuwo, yana janye da rago. Ƙashi da fata. Ba wanda ya taya. Na dube shi, na ga kaina ranar da muka tsallaka. Na ce ya bar mini shi.

Ya ce, "Adda mai tuwo, me za ki yi da wannan? Ko kura sai ta ji tausayinsa."

Na ce, "Aiki zan ba shi."

Da ya ji ƙanzo zan riƙa ba ragon, ya gargaɗe ni kada in ba shi da mai ko da yawa, cikinsa zai kumbura. In shanya, in jiƙa, in haɗa da dusa da harawa. Haka na yi. Kafin magariba in kankare tukwane tas, in baza a kan buhu. Na jiya da ya bushe in jiƙa wa rago. Ina tsaye yana ci. Ba a zubar ba, ba kuma cikina ya shiga ba. In hanyar Belel ta dawo mini, in dafa ruwan citta in zauna kusa da shi, ina jin yana tauna har abin ya sake ni.

Daga nan na fara kwana da ciki sakayau. Da asuba in tashi da yunwa ta gaske, irin wadda na manta. Ƙafa ta daina kumburi. Bakin zanina ya fara wuce inda ya saba tsayawa. Rago kuwa wuya ya yi kauri, yana tafiya yana rangaji.

Sai magana ta tashi a tasha. Mata suka ce ciwo ne nake ɓoyewa. Wata ta kawo mini rubutu. Wani direba ya ce, "Adda, rago ya cinye ki! In Sallah ta zo ke za mu bari, shi za mu kira hajiya."

Na ce, "Ci ka ba wani wuri."

Ban yi wa kowa bayani ba. Kowace Juma'a da safe in fita bayan gari in hau tudu, in ƙara kaɗan a kan na wancan mako.

Da dawa ta sunkuyar da kai, na aika wa ƙanena. Muka ɗaure rago a mashin ɗaya, ni a ɗaya. Mayo ya janye, ruwa iya idon sawu. Na karɓi igiya na shiga gaba. Ba zan ce ban ji gwiwa ba. Na ji. Amma ƙafa na ɗaga tana ɗaguwa.

A faffaɗan dutsen nan igiya ta ja ni baya. Na waiga. Rago ya durƙusa, harshe a waje, ciki na sama da ƙasa. Daidai wurin da na zube.

Ƙanena ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "In kira maza su kawo gado?"

Na ce, "Bar shi ya huta. Na san abin da yake ji."

A tsaye na jira shi. Ban zauna ba.

Mun isa rana na shirin faɗuwa. Dada na kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta ƙanƙance. Na durƙusa na gaishe ta da yarenmu. Ta kama fuskata, ta shafa wuyana, ta matsa damtsena. Ta daɗe tana matsawa.

Ta ce, "An ce mini kin yi ƙibar da dutse ya gagare ki. Ina take?"

Na ɗora hannunta a bayan rago. Na ce, "Ga ta nan, Dada. Na kawo miki."

Ta shafa shi daga wuya har wutsiya. Ta ce, "Wannan ya samu uwa. Ke kuma wa ya hana ki abinci?" Ta ɗaga murya ta ce wa matar ƙanena a tuƙa tuwo, a sa man shanu da yawa.

An yi magariba kafin a sauke. Ƙanena ya dube ni, don a hanya na gaya masa dokata. Na wanke hannu na sa a kwano ɗaya da Dada. Ta riƙa turo mini gefenta, ina turawa baya. Na ci daidai cikin ƙaramin kwanona, na tsame hannu. Abin da ya rage na kankare na shanya a kan danga.

Na kwana uku a sama. Kafin Dada ta rasu na hau dutsen nan sau da yawa, wani zuwan da buhun gari a ka. Har yau in magariba ta yi bakina a rufe yake, akwai kuma wani ragon a bayan rumfata.