Bu Warsinah da Tsohon da Aka Kira Zuwa Gada

Kafin Pak Kasmuri, direbanmu, ya gama hura wuta a injin jirgin ƙasa, Bu Warsinah ta riga ta wanke banɗakunan tasharmu, ta cika butoci, ta ɗora ruwan shayi. (A wajenmu, don girmamawa, Bu muke ce wa mace, Pak ga namiji, Mbah ga tsoho, Mas ga yaya namiji.) Sannan ta jawo faffaɗan katakonta ta jingina da ƙofar taragon farko, ta taka ta ji ko ya zauna. Taragunmu na zamanin da ne, matakalarsu ta kai gwiwa. Duk wanda ya zo a keken guragu, ko da sanda, ko da tsohon ciki, ta kan katakon nan yake hawa, hannunsa cikin nata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni ne kwandastan jirgin, kuma abin da idona ya gani ya hana ni barin ta ta tafi shiru.

Aikin jirginmu shi ne ya kwashi baƙi masu sha'awar tsohon jirgi mai tururi, ya ratsa dajin itatuwan katako na jati da su, ya tsaya a ƙara wa injin ruwa a tsakiyar daji, ya juyo. A da, masu keken guragu a tasha ake barin su, su kalli hayaƙi har 'yan'uwansu su dawo. Ita ce ta addabi manajan tasha har ya gaji ya kira kafinta ya yi mata katakon nan.

"Bu, kin mayar mini da jirgi asibiti," in ji Pak Kasmuri.

"Kwantar da hankalinka, Pak. Da wannan gwiwar taka, kai ma ni zan tura ka."

Wata Lahadi da damina, wata mata mai suna Rukmini ta kawo mahaifinta, Mbah Tukijan. Tsufa ya cinye masa ƙafa da baki, ya daɗe bai taka ba, bai yi magana ba. Suna tura shi cikin tarago Rukmini take gaya wa Bu Warsinah cewa lokacin yaƙi, yana ƙaramin yaro, sojoji sun tafi da yayansa Sarpan aikin tilas a kan layin nan. Yaron ya bi jirgin da ya ɗauke su da gudu har wata tsohuwar gada. Sarpan bai dawo ba.

"Na ce ko in ya ji ƙamshin hayaƙin zai ɗan saki fuska," in ji ta.

Da hantsi muka isa wurin shan ruwa. Baƙi suka sauka ɗaukar hoto da sayen soyayyen rogo, sai hazo ya gangaro daga kan dutse, mai sanyi, mai kauri, har ba ka ganin ƙarshen tarago. Tsuntsaye suka yi tsit. Rukmini ta je karɓo wa mahaifinta shayi, ta dawo ta tarar da keke ba kowa. An ninke bargonsa tsaf a kan kujera, takalmansa na ƙasa a jere.

Daga wurin akwai wani tsohon reshen layin dogo da ya shige cikin itatuwa, ya nufi tsohuwar gadar nan, wadda tsakiyarta ta rufta tun kafin a haife ni. Masu saran itace ba sa bi ta can. Muna cikin kiran sunan tsohon sai muka ji usur na jirgi daga wajen gadar, dogo, a hankali. Na juya na dubi Pak Kasmuri. Hannuwansa biyu na kan bututun ruwa.

"Ba ni ba ne," ya ce.

Maza suka tsaya ana shawarar wa za a kira. Bu Warsinah ta tuɓe takalmanta, ta ɗaure zaninta, ta bi reshen. Na bi bayanta.

Muka same shi tsaye da ƙafafunsa a kan katakan gadar, kusa da inda ta yanke. Ƙasa can ruwa na ruri a kwazazzabo. Ya miƙa hannun dama gaba, yatsunsa a lanƙwashe kamar mai riƙe da hannun wani, yana magana da muryar yaro.

"Mas, ka jira ni mana. Kana sauri da yawa."

"Tsaya nan," ta ce mini. "Katakan ba za su ɗauke mu duka ba."

Ta taka a hankali, katako yana kuka a ƙarƙashinta, har ta kama hannunsa na hagu. Ba ta yi masa magana ba. Gabansa ta duba, inda babu komai sai hazo, ta ɗan rusuna.

"Mas Sarpan, ka yi haƙuri, ba yau ba. Ƙanenka baƙona ne. Ni na hau da shi jirgi, ni zan sauke shi. 'Yarsa na can tana kuka."

Da idona na ga hannun tsohon ya ƙara miƙewa, kafaɗarsa ta karkata wajen ramin, ita ma ta zame taku guda. Sai ta ɗaga murya irin wadda take yi wa masu hawa rufin tarago.

"Na ce ka sake shi!"

Hannun ya faɗo. Ƙafafunsa suka saki, ta tare shi, ta goya shi a baya, ta dawo da rarrafe har inda nake. Gwiwoyinta duk jini.

Muka kama hanyar komawa. Dab da tasha Mbah Tukijan ya juyo ya dubi 'yarsa, ya ce, "Mas Sarpan bai tsufa ba."

Washegari manaja ya ce daga yau an daina ɗaukar tsofaffi da masu keke. Bu Warsinah ta ce masa tsofaffi ba su yi laifin komai ba, reshen ne yake buɗe. Ba ta bar ofishinsa ba sai da ya yarda a kafa ƙofar ƙarfe a bakinsa. Na taɓa tambayar ta ko ta ga wani a gadar.

"Ban ga kowa ba," ta ce. "Amma tsohon bai kai buhun shinkafa nauyi ba, kuma da ƙyar na riƙe shi."

Ke ce, Bu, wadda ba ta taɓa cewa baƙo ya yi nauyi ko ya yi jinkiri ba. Ke ce mai wanke kakar wani da ta ɓata jikinta a tarago, ki sauya mata zani ba tare da jikokinta sun sani ba. Baƙi suna ɗaukar hoton kan jirgi, suna ɗaukar hoton Pak Kasmuri da hularsa, ba na jin akwai wanda ya tafi gida da naki.

Mun gode, Bu Warsinah. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba ki mai riƙe hannunki ranar da naki ƙafafun suka gaji. Mu kuma da muka rage, da duk wanda ake damƙa wa mutane a wurin aikinsa, mu yi irin nata: in ka kama hannun wani, kada ka saki sai ka mayar da shi wurin nasa, ko wane ne ke ja ta ɗaya gefen.