Tulunan da Maigidana Ya Zuba a Teku

Ban daɗe da zuwa Guangzhou ba maigidana ya tafi teku. Karatun ilimin ruwan teku ne ya kai shi ƙasar Sin, ni kuma na bi shi daga baya. Wani ƙaramin ɗaki muka kama a unguwar Sanyuanli, wanda in ka buɗe taga ka miƙa hannu za ka taɓa bangon maƙwabta. Dukanmu 'yan Kano ne. Ruwa mafi girma da na taɓa gani kafin nan shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga cikin mota.

Ana gobe zai tafi, ya zaunar da ni bayan la'asar, ya nuna mini hoton abin da za su kai. Wani dogon ƙarfe ne ruwan ɗorawa, kamar tukunyar gas da aka ja ta yi tsawo, da siririyar eriya a ka. Tulu yake ce masa in muna hira.

Na ce, "To Malam, in kun jefa shi sai me?"

Ya ce, "Sai ya nutse can ƙasa, inda hasken rana ba ya kaiwa. A can akwai ruwa mai tafiya kamar kogi, hanyarsa daban da ta ruwan sama. Shi zai ja tulun ya yi ta tafiya da shi. Bayan kwanaki sai tulun ya taso, ya aika wa tauraron ɗan'adam inda yake, da sanyin ruwan da gishirinsa, ya sake nutsewa. In muka duba inda ya nutse da inda ya ɓullo, mun san inda ruwan ƙasan ya nufa da irin saurinsa."

"Sai ku ɗauko shi ku dawo."

"A'a, can za mu bar shi."

Sannan ya gaya mini abin da ya fi damuna: waya ba lallai ta samu ba a cikin jirgin. Ya buɗe mini wata taswira a kwamfutarsa, shuɗiya ce kusan duka. Ya ce duk tulun da suka sauke zai fito a kanta kamar ɗigon tawada. "In kika ga sabon ɗigo, to ta nan muka bi, kuma lafiyata ƙalau, don da hannuna ake sauke su."

Haka na zauna da taswirar nan. Da na idar da sallar asuba sai in buɗe ta, kafin ma in ɗora ruwan shayi. Ranar da ɗigo na farko ya fito, na sa yatsa a kansa na daɗe ban ɗauke ba. Sai na biyu ya fito can ƙasa da shi, sai na uku. Na riƙa tunanin yadda yake tsaye a gefen jirgi, ko ya sa hular da na cusa masa a jaka, ko me yake ci, shi da bai iya cin abinci da tsinke ba sai ya ɓata riga. Rigarsa ta gida tana rataye a bayan ƙofa, na ƙi wanke ta.

Surukata takan kira daga Kano. Ta ce, "Wai har yanzu yana can yana zubar da kayan mutane a ruwa?" In yi dariya in ce aikin ke nan, Mama. Ta ce to Allah ya sa dai su san abin da suke yi. In mun ajiye waya sai ɗakin ya ƙara yin shiru.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi, 'yar kasuwa, wadda kan zo ta yi watanni tana sarin tufafi a kasuwar Canaan. Ita ta lura ba na fita. Wata safiya ta hau ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Ɗiyata, mi kike yi cikin ɗaki kamar mai takaba? Sa hijabinki mu tai." Daga nan na zama 'yar rakiyarta. Ina riƙe mata leda, tana jan ɗinkin wando ta ga ƙarfinsa, tana kiran kowane mai shago lawban, wato maigida. Kalmomin yarensu da ta sani ba su da yawa, amma ba ta taɓa rasa abin da ta je nema ba.

Ana haka aka fara maganar guguwa. Masu shaguna suna manna salatef a gilasai, talabijin ɗin kowane kanti yana nuna wani farin abu mai juyawa a kan teku. Na koma gida na buɗe taswirata, na gane wurin: daidai inda ɗigon ƙarshe yake. Aka yi ruwa da iska har itatuwa suka faɗi a unguwarmu. Bayan an ɗauke, tsofaffin tulunan suka ci gaba da ɓullowa, kowanne ya ɗan matsa daga inda yake. Sabo kam babu. Na duba da safe, na duba da rana, na kashe kwamfutar na kunna. Kwanaki suka wuce, abinci ya daina shiga.

Hajiya ta same ni ina kuka. Ta ce, "Ba ki san makarantarsu ba? Tashi." Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka yi ta tambaya har muka isa ƙofar cibiyar da yake karatu. Mai gadi ya tare mu. Hajiya ta nuna masa hoton maigidana a wayata, tana cewa, "Lawban! Lawban!" tana kwaikwayon igiyar ruwa da hannu. Ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Na zaci cewa yake yi maigidana ya halaka a teku. Ashe nufinsa mutumin da ke hoton ba ya cikin ginin. Hajiya ba ta motsa ba, ta ci gaba da magana da Hausa da ƙarfi har ya gaji ya ɗauki waya.

Wata matashiya ce ta sauko, abokiyar karatun maigidana, mai gajeren gashi da tabarau. Da ɗan Turancina da nata muka fahimci juna. Ta kai mu gaban wata taswira a bango, ta nuna wani tsibiri, ta lanƙwasa tafin hannunta ta ɓoye yatsa a bayansa. Jirgin ya fake ne a bayan tsibirin tun kafin guguwar ta iso, kowa lafiya, suna jiran teku ya kwanta. Na riƙe hannunta. Ta kawo mana ruwan zafi a kofin takarda. Hajiya ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Mutanen nan ko ganyen shayi ba su sawa?"

Kafin mu tafi ta shiga da mu wani ɗaki inda wani tulu yake kwance a kan katako. Ya kusa kai tsayina. Na shafa shi, sanyi ƙalau. Duk kwanakin nan ɗigo nake gani, ban san haka nauyinsa yake ba.

Da maigidana ya dawo ya yi baƙi, ya rame, leɓensa duk a fashe. Da ya tsaya salla sai na ga yana tangaɗi kaɗan-kaɗan, ya ce har yanzu ƙasa motsi take yi masa. Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kukar da na zo da ita daga gida, ya ci, ya yi barci a zaune.

Shekaru sun wuce. Yanzu ina Kano da yara, shi kuma aikinsa yana bakin teku a kudancin ƙasarmu, sai an yi hutu yake zuwa. Hajiya ta daina zuwa Sin, lambarta ma ta daina shiga, na yi cigiya a wurin 'yan Maraɗi ban dace ba. Gidanmu na yanzu yana da fili da bishiyar mangwaro, amma sau da yawa ina cikin shara sai in tsinci kaina ina kewar ɗakin nan mai ƙunci, da warin danshi a matakala, da takun Hajiya tana hawowa tana haki.

Kafin mu baro Sin maigidana ya kai ni bakin kogin da ya ratsa Guangzhou, muka hau ƙaramin jirgin fito. Ruwan launin ƙasa gare shi, manyan jiragen yashi suna wucewa a hankali. Na tambaye shi ko wannan ne tekun. Ya ce a'a, da sauran tafiya, sai an bi kogin nan har ƙarshensa. Muka isa ɗaya gaɓar, mutane suka sauka. Na ce masa mu zauna mu koma da shi, ban gaji da kallo ba.