Yankan Kifi Huɗu

Ko zan manta da komai na zamanmu a Doha, ban da yammacin da kwalin abinci ya kunyata ni a cikin gidana.

Lokacin gasar cin kofin duniya ne. Ina aikin jinya, asibiti ba masaka tsinke, maigidana kuma yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a otal-otal ɗin West Bay. Sai ga shi da sabuwar wayewa, wai ya samo kamfanin da zai riƙa kawo mana cefane a kwali, komai a aune, nawa girki kawai. "Maman yara, khalas, shi ke nan, kin huta da kasuwa," in ji shi, yana washe baki.

Hutu! Rabin albasa a leda, gishiri ɗan mitsitsi kamar maganin da nake ba majinyata, barkonon kuwa ko jariri ba zai sa atishawa ba. Har da wata takarda mai hotuna da za ta koya mini suyar kifi, ni da na tashi a gidan da ake tuƙa tuwo da muciya hannu biyu. Da yake mu huɗu ne, yankan kifi huɗu suke sakowa, ba ƙari.

Ran nan na gama zuba abinci ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kawun maigidana ne, dattijon da ya riƙe mu sanda muka iso ƙasar. Tun safe yake jigilar 'yan kallo a bas zuwa filin wasa na Al Thumama, ya ce bari ya biyo ya ga jikokinsa. Na leƙa tukunya, wayam. Ina ƙoƙarin tura masa farantina sai autata ta rungume nata, ta ce, "Mama, na wa Kaka zai ci?"

Kawu ya dubi farantan nan huɗu ya yi murmushi. "Ku ci abinku, 'yata, a ƙoshe nake." Ba irin magiyar da ba mu yi ba, ruwa kawai ya sha. Bayan fitarsa na leƙa ta taga, na hango shi a shagon da ke ƙasanmu yana tsoma busasshen burodi a shayi. Sai da na yi hawaye.

Washegari na cika tukunya da dafa-duka, na sa mai wayewar ya kai wa Kawu da kansa har masaukinsa a unguwar Sanaiya. Kwalin kuwa takalman yara ake zubawa a ciki. Tun daga ranar nake ɗora tukunya da rabon wanda bai ce zai zo ba.