Doreen Maki, Mai Leƙa Kwandon Shara Kafin Ta Zubar

Wani dare na ji dariyar mace daga gidan maƙwabcina Floyd. Ta taso, ta katse a tsakiya, ta sake tasowa. Na san dariyar. Ta Arlene ce, matarsa da muka binne bara. Na zauna a bakin gado ina tunanin ko matattu ma sukan sarƙe. Da safe Floyd ya ce min kwamfuta ce, kuma iyakar abin da Doreen Maki ta iya ceto masa ke nan.

Doreen nake so ku sani. Shekara da shekaru, duk Talata, tana zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na laburaren garinmu, da kofin shayinta da ya huce. Mu tsofaffi mu jeru rungume da kwamfutoci, kukanmu ɗaya: ta cika, ta ƙi motsi. Doreen ta kunna, ta nuna maka jan layin nan mai nuna ta cika, ta nuna abin da ya cinye wurin. A tawa, hotunan gajimare ne.

"Orval, sama fa ba ƙaura za ta yi ba," in ji ta.

"Ai wannan kama yake da alade."

"Wannan fa?"

"Ƙanensa ne."

Ta bar min aladun, muka share sauran.

Dokarta guda ce: ba ta zubar da kwandon sharar kwamfuta sai ta leƙa ciki tare da mai shi. Ta san halinmu. Da yawanmu nan muke ajiye abin da muka fi ƙauna, don shi kaɗai ne hoton da muke ganewa a allon, kuma abin da ka jefa yau gobe yana nan.

Nan Floyd ya adana muryar Arlene, saƙonninta da waƙoƙin da take yi a kicin. Surukinsa ya zo Kirsimeti, ya ga na'urar tana jan ƙafa, ya danna sau ɗaya, ya ce ya yi wa Baba shara. Kafin Floyd ya lura, sabbin abubuwa sun hau gurbin tsofaffin.

Doreen, ke ce kika ɗauki kwamfutar nan zuwa gidanki, kina tono da idanun da likita ya ce ki hutar. Ke ce kika dawo da guntuwar dariya, ba ki yi masa ƙarya ba, kika ce, "Floyd, sauran sun tafi." Mai share wa tsofaffi ɗaki ba tare da ta kore su ba, mun gode.

Yanzu idanun sun gaza, ta ajiye aiki, kuma ba a ɗauki kowa a madadinta ba. Sabbin na'urori ma, an ce, da kansu suke zubar da kwandon, ba sa tambaya. Ku masu ƙuruciya, in za ku yi wa iyayenku shara, ku yi irin tata, ku zauna ku duba tare. Ina faɗa ne kawai, na san kuna sauri.

Ranar ban kwana mun yanka mata kek a ɗakin ƙasan. Tana naɗe wayoyinta, Floyd ya matso da hularsa a hannu.

"Doreen, tsaya. Kin ce sun tafi. To in an share abu, ina yake zuwa?"

Ta ci gaba da naɗe wayar. Mu kuma kowa ya dubi farantinsa.