Mutumin Baba na Brazil

'Yan uwa, ashe mutumin Baba na Brazil gaskiya ne, yau na gani da idona.

Kun tuna marigayi Baba da rediyonsa na magana da mutanen nesa, mai dogon eriya a bayan gida? Kullum yana cewa ya yi hira da wani manomi a Brazil, 'yan majalisarsu a Kura suna ta yi masa dariya. Ƙa'idar masu irin wannan rediyo, kowa zai shigar da bayanin hirar a shafinsu na intanet, in biyun suka dace sai a tabbatar. Tasa ba ta tabbata ba har ya rasu.

Ɗazu na kunna kwamfutarsa zan rufe shafin. Malam Yohanna, abokin rediyonsa mai gyaran injin ban ruwa, yana gefena. Ya leƙa ya ce, "Tsaya, Hadiza. Da agogon Kano babanki ya saka lokacin hirar. Mu da agogon duniya muke aiki, awa ɗaya ce tsakani."

Na gyara. Nan take wurin ya koma kore, alamar an tabbatar! Ashe tun a lokacin mutumin ya shigar da nasa, har da ɗan saƙo. Malam Yohanna ya fassara mini: "Abokina na Kano, yaya tumatir ɗinka? Ina jiran ka."

Sai ya cire tabarau ya juya baya. Na ruga wajen Inna, tana tsintar shinkafa, na faɗa mata. Ta ajiye shinkafar. Ta ce, "Rubuta masa tumatir ya yi kyau bana. Zancen rasuwar ki bari sai gobe."