Dutse na Bakwai: Ga Abarci Mai Garanito

Ranar Laraba, 16 ga watan Oktoba 2024, ina kasuwar Sabon Maci ina duba wake sai waya ta yi ƙara. Ɗanka Mahamadu ne. Ya ce ka cika bayan sallar azahar, za a kai ka da la'asar. Na ce na Allah muke, kuma can wurinSa za mu koma. Na sake faɗa, sannan na bar waken na nufi tashar mota. Kafin mota ta kawo ni Dakoro an riga an rufe ka. Ko sallarka ban samu ba, Abarci.

Wanda bai san ka ba, to ya taka aikinka. Kai ne Abarci Mamani mai gyaran garanito, daɓen nan na siminti da tsakuwa masu launi da ake gogewa har ya yi sulɓi, wanda mutanen Najeriya ke kira tarazo. Yanzu kowa karo yake shimfiɗawa, wato tayil, amma tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da wasu masallatai suna nan da nasu, kuma shekara arba'in da wani abu kai ke riƙe da su. In ka shiga ɗaki sai ka tuɓe takalmi, ka zaga da tafin ƙafa, kana ƙwanƙwasa ƙasa da makulli kana kasa kunne. Muna yi maka dariya, muna cewa boka ya zo duba maras lafiya. Sai ka ce ai maras lafiyar ne, shekarunsa sun kusa naku. Ba a taɓa jin ka karɓi ko dala a aikin masallaci ba, sai dai ka yi wa ladan faɗa kan ya bar butoci suna ɗiga a bakin ƙofa.

Gidanmu ne ya kawo ka garin nan. A 1978 mahaifina, Alhaji Kyauta, ya ɗauko ma'aikata daga Maraɗi su zuba masa garanito a falo, kana cikinsu. Ni Yusufu ina da shekara tara, ƙanwata Adawiyya tana da biyar. Ran da aka zuba, kun fita cin abinci, ta tsinke abin wuyanta ta danna shuɗɗan duwatsu bakwai cikin ɗanyen siminti, a gindin bango ƙarƙashin taga. Baba ya ɗauko bulala. Kai ka tare shi, ka ce a bar su, yarinya ta sa nata ado. Da aka zo gugar daɓe ka hana inji zuwa wurin, ka durƙusa ka bi gefensu da dutsen hannu har suka fito suna ƙyalli.

Da damina ta zagayo ƙyanda ta ɗauke Adawiyya. Ba ta da hoto, kabarinta kuma ya daɗe da bajewa. Duwatsun nan bakwai su kaɗai suka rage mana. Mahaifiyarmu, Inna Aisa, a nan take shimfiɗa tabarmarta. Tun da idanunta suka rufe shekara goma da suka wuce, kullum da hantsi sai ta miƙa hannu ta ƙirga su da ɗan yatsa, sannan ta ce a kawo mata fura.

Kowace kaka kana zuwa da buhun duwatsunka na goge, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ka cike tsaga, ka wanke, ka goge, ka sha shayi da Inna kuna tsokanar juna. Kowace kaka kuma sai ka maimaita mana karatu ɗaya: ruwa da sabulu mai laushi, ban da jabel, ruwan nan mai sa tufafi fari, ban da lemun tsami, ban da duk abin da ke cizon hannu. Na ji wannan magana ta fi sau talatin. Ina ce ma na haddace ta.

Ana saura kwana huɗu Sallar layya ta bana, ina sa ran baƙi abokan ciniki daga Maraɗi, sai na ga falon ya yi mini duhu. Wani mai shago ya ba ni asid ɗin da ake wanke makewayi da shi, ya ce yana mai da tsoho sabo. Ban aiko maka ba, don na san abin da za ka ce. Da hannuna na zuba. Na ga ƙasa tana tafasa tana kumfa, ni kuwa, ɗan kasuwa mai wayo, ina murna datti na fita. Washegari daɓen ya yi fari fat, ya yi kaushi kamar bayan kada. Asid ya cinye simintin da ke riƙe da duwatsun Adawiyya, tsintsiya kuma ta kwashe su ba wanda ya lura. Da hantsi Inna ta miƙa hannu. Ta lalaba, ta sake lalabawa, ta ce, "Isuhu, ina ɗiyata ta tahi?" Ranar ba ta sha furar ba.

Labari ya iske ka, ka zo kafin azahar. Ka tuɓe takalmi, ka taka sau biyu, ka dube ni. "Mi ka zuba ma wagga ƙasa?" Na nuna maka kwalbar asid ɗin. Tambayarka ta biyu ita ce ina aka zubar da shara. Ka karɓi rariya a hannun mata, ka zauna a jujin ƙofar gidanmu, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, kana tankaɗe toka da kashin awaki mutane na wucewa suna kallo. A kwana uku ka samo shida. Na bakwai babu, domin a ranar da aka yi sharar amalanke ya kwashi rabin jujin zuwa gonarmu ta bakin hanyar Maraɗi, an watsa shi taki kamar yadda muke yi kowace shekara in ruwa ya kusa.

Bayan Salla ka gyara falon. Sati biyu kana guga da ruwa, kana cike ramuka da farin siminti da garin tsakuwa, kana tari irin wanda ƙurar aiki ta bar maka. Ka mai da duwatsu shida, kowanne a raminsa, ka bar rami ɗaya a buɗe. Inna ta ƙirga ta tsaya a shida. Abincinta ya ragu, ta fara ramewa a gaban idona.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na je kasuwa na sayo shuɗin dutse mai kama da su, na ce ka sa, ai ba gani take ba. Ka juya shi a tafin hannu ka miƙo mini. "Ba ni yi ma Inna ƙarya da hannuna. Idonta ya tahi, yatsanta na nan." Raina ya ɓaci, kuma na san ba kai ka ɓata shi ba, kunyar abin da na aikata ce ke cina. Na ce maka kai ma'aikaci ne, abin da aka sa ka shi za ka yi, in ba za ka iya ba ga hanya. A gaban iyalina na faɗa. Ka tattara duwatsunka na goge ɗaya bayan ɗaya cikin buhu, ka leƙa ka yi wa Inna sallama, sannan ka ce, "To, Alhaji." Tun ina ɗan shekara tara Isuhu kake kirana. Ranar ce farko da ka ce mini Alhaji.

Ni na manna dutsen kasuwar da kaina. Washegari na tarar da shi a kan taga. Inna ta ƙwaƙule shi da farce ta ajiye. Tun ranar ya kamata in zo gidanka. Tsakaninmu bai kai tafiyar minti goma ba. Na ce gobe, na ce bayan kasuwa, na ce in an yi girbi. Wata uku da rabi ina gobe.

Ran sadakar uku na je, kaina a ƙasa. Maiɗakinka Fatimatuzzahra ta sa aka shigo da ni, ta turo mini kwalin ashana a kan tabarma. A ciki akwai shuɗin dutse, gefe ɗaya a goge, da ɗan ƙullin farin siminti. Ta ce duk daminar nan, in an yi ruwa, sai ka ɗauki rariya ka tafi gonarmu, kana bin tsakanin kunyoyin gero, wai ruwa yana tono abin da ƙasa ta haɗiye. 'Ya'yanka sun hana ka, ka ƙi. A watan Satumba ka same shi, a satin kuma ciwon ƙirji ya kwantar da kai. Ka hana a aiko mini, kana jiran ƙarfi ya dawo ka sa shi da hannunka. Da ka ga ba tashi za ka yi ba, ka koya mata abin da za ta faɗa mini: a jiƙa ramin, siminti kaɗan, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma kwana uku, kada inji ya kusanci wurin. "Ya ce in Isuhu ya zo a ba shi," in ji ta. "Ya ce ya san kana tahe."

Na yi kuka a gaban mace mai takaba, ita ce ma take ba ni haƙuri. Na san ajali ba ya jiran rariya ko gona. Amma na san wanda ya zuba asid, na kuma san wanda ya shaƙi ƙurar.

Na durƙusa a inda ka durƙusa shekara arba'in da shida da suka wuce, na yi yadda ka ce. Hannun mai auna hatsi ne, dutsen ya ɗan karkace, ya ɗara 'yan'uwansa tsawo. Bayan kwana uku na ɗauke tsumman. Inna ta miƙa hannu ta ƙirga, ta kai bakwai, ta bar yatsanta a kai ta daɗe. Sannan ta ce, "Na Adawiyya na. Amma hannun ba na Abarci ba na." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce a kawo fura, ta sha rabi, ta ce a ba da sauran sadaka da sunanka. Yanzu in ta ƙirga da hantsi, mutum biyu take yi wa addu'a.

Ya Allah, ga bawanKa Abarci ya zo maKa. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya ƙirjin nan da ya sha ƙura. Ka sa kowane goshi da ya sauka a daɓen da ya gyara ya zame masa lada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Fatimatuzzahra, da Mahamadu da Taufiq da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangi na Maraɗi, da Inna Aisa wadda ta ce ɗa ta rasa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ni kuwa gafarar da ban nema ba kana raye, ga ta ina nema a gaban jama'a. Ka ce ka san ina tafe. Na zo, Abarci, amma na makara.

Yusufu Kyauta, Dakoro