Kan Kifin da Na Jefa Bayan Rumbu

Har yau ƙamshin bandar kifi yakan sa gabana ya faɗi kafin yawuna ya tsinke. Bari ku ji dalili.

A gidanmu na Fagam akwai doka guda: kifi ba ya shiga tukunya sai kakana, da muke kira Baba Tsoho, ya ɗaga shi ya faɗi sunansa. Da rani, in kogi ya janye aka fita su, wato kamun kifi, sai ya zauna a tabarma a zube masa kamun a gabansa. Tarwaɗa, karfasa, ƙurungu mai ƙaya, duk ya san su kamar jikokinsa. Amma guda ɗaya yake nema, talibambam, mai kumbura ciki, mai haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ya ce dafi gare shi. Mu dai mun ɗauka fitinar tsufa ce.

A shekarun da kuɗin mai ya kwashi samari zuwa kudu, baffana ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Ran Lahadi yakan bi abokansa bakin teku su jefa fatsa don nishaɗi. Da ya zo ganin gida bayan girbi, sai ga shi da kwali cike da bandar kifin da ya kama da hannunsa.

Ina da shekara takwas, kuma a kwaɗayi babu na biyuna. Kafin a farga na zare guda, na ja ƙanena ɗan shekara uku bayan rumbu, muka cinye tas. Gishirinsa ya yi mini daɗi. Kan kuwa na wurgar.

Bayan azahar aka zube kwalin gaban Baba Tsoho. Ya ɗaga wani siriri mai tsawo kamar ɗamara, ya ɗaga wani shimfiɗaɗɗe mai idanu biyu a gefe guda, ya kasa gane ko ɗaya. Ban taɓa ganin kifi ya gagare shi ba. Baffa yana ta jero sunaye da Turanci da Yarabanci, yana dariya. Can sai tsohon ya buɗe bakin wani da babban yatsa, ya ga haƙora huɗu, fuskarsa ta sauya.

"Irin wannan nawa ka kamo?"

"Biyu ne ko uku, Baba, ban riƙe ba."

Aka bincike kwalin, biyu aka samu.

"Akwai wanda ya taɓa kayan nan?"

Na dubi ƙanena yana wasa da ƙasa, maiƙo a haɓarsa. Wallahi ba duka na ji tsoro ba. Ji na yi leɓena ya yi nauyi, na tabbata mutuwa ce ta soma, kuma ni na ba yaron da hannuna. Na fashe da kuka na faɗi gaskiya.

Inna ta suri ƙanena tana salati, tana ɗura masa nono. Baba Tsoho bai ko harare ni ba. Ya ce, "Ina kan?"

Gida duka ya koma bayan rumbu. Muka tone kara, muka ɗaga turmi, muka kori kaji. Kowane ɗan lokaci sai in juya in ga ko ƙanena yana numfashi. Har la'asar ta yi sanyi kafin baffa ya hango kan kifin a gindin danga, tururuwa sun rufe shi.

Tsohon ya karɓa. Ya hure tururuwar, ya buɗe bakin. Ƙananan haƙora ne birjik, jere kamar na mataji.

"Ban san sunansa ba," in ji shi, "amma ba shi ba ne."

Ya zauna a ƙasa, nan cikin turɓaya, ya rufe fuska da hularsa. Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa 'yarsa ta fari tana da shekara uku ta ci talibambam ta rasu, kuma shi ya kawo kifin gida.

Yanzu kifin teku ya cika kasuwar Birnin Kudu, daskararre cikin ƙanƙara, wani ma an yanke masa kai tun daga can. Jikokina suna yi mini dariya, wai ni kaɗai ce nake buɗe wa mataccen kifi baki kafin in saya. Su yi ta yi. Marar kai dai ba ya shiga tukunyata.